Hoton CT na jijiyoyin zuciya: aikin ya yi kyau, amma sun manta da goro

Likitan zuciya ne ya rubuta wa Baba wannan hoton, saboda ƙirjinsa yana ɗaurewa ko masallaci ya taka, ga hawan jini ya daɗe yana fama da shi. Ya ce a fara da CT, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka daga waje, kafin a kai ga wanda ake zura siririyar roba ta jijiyar hannu ko ta matsematsi har zuciya. Muka je wata cibiya mai zaman kanta a Kano. Kuɗin kun san shi, ba na wasa ba ne, kuma gwajin ƙoda daban ake biya, tunda ruwan aidin da ake ɗurawa a jijiya don hoton ya fito sosai ta ƙoda yake fita.

Takardar shirin da suka ba mu da Turanci take: kada a ci abinci awa 4 kafin hoton, kada a sha shayi ko kofi. Shi ke nan. Ba wanda ya ambaci goro. A Kano fa, kuma dattijo za a yi wa! Alhali sinadarin da ke sa kofi ya tayar da bugun zuciya yana cikin goro. Baba bai karya ba, amma ya ɓantari goronsa bayan asuba kamar kullum. Aka manna masa wayoyi a ƙirji, bugun ya haura 80 a minti ɗaya, su kuma kusa da 60 suke so, don in zuciya tana gudu hoton dishi-dishi yake fita. Aka ba shi ƙwayar metoprolol mai rage gudun zuciya, muka yi ta zama, aka sake aunawa, bai sauka yadda ake so ba. Sai can wata nas ta hango ja a haƙoransa, ta ce, "Baba, kun ci goro ne?" Tambayar da ya kamata a yi tun a teburin biyan kuɗi. Haka muka koma gida da tsoho, da yunwa, da kanula, 'yar robar ɗura ruwa a jijiya, da aka huda masa a banza.

Ranar da muka koma kuwa, mai ɗaukar hoton ya wanke min zuciya. Ya durƙusa kusa da gadon, ya ce, "Baba, in na ce ku riƙe numfashi, ku riƙe sai na ce ku saki." Suka gwada tare har Baba ya iya. Ya gaya masa maganin da za a fesa ƙarƙashin harshe don buɗe jijiyoyi yana iya sa ciwon kai, ruwan kuma zai ji ɗuminsa ya ratsa jiki kamar fitsari ya kufce masa, kada ya tsorata. Riƙe numfashin bai wuce 'yan daƙiƙu ba. Baba ya fito yana ta sa masa albarka.

Da a nan aka tsaya, da na ce kowa ya je. Amma sakamakon da aka ce gobe ya yi ta jan ƙafa, ka buga waya ba mai ɗauka. Da ya fito, an miƙo mana takarda da faifai ba ko kalma ɗaya ta bayani. Na ga an rubuta makin kalsiyam, wato ma'aunin sinadarin kalsiyam da ya daskare a jijiyoyin zuciya, ya haura 100, hankalina ya tashi, ban yi barci ba. Sai da likitanmu ya zauna da mu ya ce akwai daskarewa a jijiya ɗaya, amma toshewar ba ta kai kashi 50 ba, magani za a ci gaba da shi, ya ƙara na rage kitse a jini.

Na roƙi mutanen cibiyar su rubuta goro a takardar shirin nan, da Hausa. Wata maƙwabciyarmu ta kai mijinta bayanmu, ta ce har yanzu shayi da kofi kawai ke ciki.