Na'urar awon jini da tsinken gwajin fitsari: wata bakwai ina amfani da su a kan ɗiyata

Ɗiyata shekararta 9, kuma shekara biyu ke nan tana kan allurar insulin saboda ciwon suga nau'i na ɗaya. Na'urar awon jinin da nake magana a kai ba don ita na saya ba, ta mahaifiyata ce mai fama da hawan jini, irin mai batir ɗin nan da ake ɗaurawa a damtse. Daga baya na nemo mata ƙaramin maɗauri na yara, don na manya yana yi wa hannunta yawa, kuma maɗaurin da ya yi yawa yana rage lambar da ke fitowa.

Na'urar ba ta da laifi. Na kai ta asibiti an gwada da tasu, sun zo kusan ɗaya. Amma na yi kuskuren dogara da ita a inda ba aikinta ba ne.

A zafin watan Afrilu yarinyar ta kwanta da zazzaɓi da amai. Da yake ba ta cin komai, sai muka ɗage mata allura, muna tsoron kada sugan ya faɗi. Washegari leɓenta ya bushe, idanu sun zurma, tana kukan ciwon ciki. Na auna jininta na ga 118 bisa 76, wato bai sauka ba. Na ce wa mamanta ai da ruwan jikinta ya ƙare da jinin ya sauka, ga shi kuma tana ta fitsari. Sai da ta fara wani irin numfashi mai zurfi, bakinta yana wari kamar ruɓaɓɓen 'ya'yan itace, sannan muka ɗauke ta a guje.

Likitar da ta karɓe mu ta ce DKA ce: babu insulin, jiki ya koma ƙona kitse, sinadarin kiton ya taru ya sa jini tsami. Suga kuma yana jan ruwa ya fita ta fitsari, shi ya sa yaro ke ta fitsari alhali yana bushewa. Na nuna mata awon da na yi. Ta ce, "Baban Ummi, jikin yaro yana matse jijiyoyinsa ya riƙe jini har kusan ƙarshe. Wasu ma jininsu hawa yake yi a wannan hali. In ka jira ya sauka, ka makara." Da aka ɗora ta a sikeli, daga kilo 28 ta koma 26. Ƙarin ruwa aka fara sa mata, insulin ya biyo bayan kamar awa ɗaya, kuma a hankali aka riƙa mayar da ruwan har kusan kwana biyu, nas tana zuwa duba hankalinta saboda gudun kumburin ƙwaƙwalwa.

Ranar da aka sallame mu na tsaya a kemis na sayi tsinken gwajin kiton na fitsari. Ana tsoma shi, a jira daƙiƙoƙin da aka rubuta a kwalba, a gwada launinsa da na jikin kwalbar. In ya koma ruwan hoda mai duhu zuwa shunayya, kiton ya yi yawa. Yanzu duk lokacin da suganta ya haura 250 a na'urar awon suga, ko ta yi amai, ko zazzaɓi, muna gwadawa. Sau biyu ya nuna launi tun tana iya wasa, na kira likita ta faɗa mana yadda za mu yi da allura da ruwan sha, ba mu kwana a asibiti ba.

Aibinsa: zafi da danshi suna lalata shi, kuma in an buɗe kwalba wata shida ne iyakarta, ko da rabi bai ƙare ba. Da daddare, in babu wuta, bambance launin da tocilan yana da wuya. Akwai na'urar da ke auna kiton ta ɗigon jini, ta fi shi daidaito, sai dai tsinkenta ya fi ƙarfin aljihuna. Na'urar awon jinin kuwa na mayar wa Hajiya abarta, a gurbinta na ajiye sikeli a ɗakin yara.