Cycles na Blender wajen zana hasken cikin ruwa

Cycles, injin fitar da hoto na manhajar zanen 3D ta Blender, yana fitar da launin ruwa da kyau matuƙa, in dai an saita shi daidai. A saman ruwan a sa Glass BSDF, wato saitin da ke ba abu kamannin gilashi, ma'aunin karyewar haske ya zama 1.33. Launin kuwa ba a fatar ruwan yake ba, a cikinsa yake, don haka sai a jona Volume Absorption, mai shanye haske, da Volume Scatter, mai warwatsa shi. Ruwa yana fara shanye jan haske tun a mitoci kaɗan na sama, shuɗi ne ke isa ƙasa, kuma Cycles yana bin zurfin da kansa. Amma dole siffar ruwan ta zama rufaffiya ta kowane ɓangare, girmanta kuma na gaske a mita. In da ɓula a jikinta, launin sai ya rikice.

Tun fitowar Blender 4.3 a 2024 aka ƙara tsarin warwatsa haske na Fournier-Forand, wanda ya fi tsohon Henyey-Greenstein kwaikwayon yadda ƙwayoyin laka ke tura haske gaba. Wani tarko: adadin karon haske a cikin Volume yana zuwa a 0. A ɗaga shi zuwa 2 ko 4, in ba haka ba ruwa mai laka zai yi duhu.

Raunin Cycles shi ne zanen haske mai rawa a ƙasan ruwa. Shadow Caustics, saitin yin wannan da ya zo a Blender 3.2, sai an kunna shi a fitila, da ruwan, da ƙasan, kuma ba ya kula da igiyar da aka yi da Bump, mai kwaikwayon tudu da kwari ba tare da canza siffar ba, sai wadda ke jikin siffar. A nan LuxCoreRender, wani injin fitar da hoto, ya fi shi.