Kafin ka kashe kuɗi kan littafin gasar lissafi

Asabar ɗin da ta wuce na raka yayata kasuwar Sabon Gari neman littafi. An zaɓi ɗanta, wanda ke aji biyu na babbar sakandare, cikin waɗanda za su wakilci makarantarsu a gasar lissafi, ita kuwa ta ɗaura ɗamarar saya masa duk abin da aka ce yana da amfani. Mai shagon da muka fara tsayawa ya zaro mana kundin tambayoyin WAEC da JAMB na shekarun baya, ya ce, "Hajiya, ai wannan kowa ke saye." Na ce, "Gaskiya ne Alhaji, amma ba shi ya kawo mu ba."

Kafin hannu ya shiga aljihu, a tambayi makarantar wace gasa ce, don gasar ba iri ɗaya ba ce. Akwai irin ta Cowbellpedia da ake nunawa a talabijin, inda agogo ke tafiya yaro na jefo amsa. Wannan sauri take so, kuma littafin makaranta irin New General Mathematics, haɗe da waɗancan tambayoyin na baya, zai kai yaro nesa in ana sa masa lokaci. Akwai kuma Olimfiyad, wadda Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja ke shiryawa, daga cikinta ake tace masu zuwa gasar Afirka da ta duniya. Ita ta duniyar an fara ta ne a 1959 a Romaniya. Kwana biyu ake yi, kullum tambaya uku cikin awa huɗu da rabi, kowace tambaya maki 7, jimla 42, kuma ba a shiga da kalkuleta. Wanda aka ba shi awa ɗaya da rabi kan tambaya guda, ai ka san ba saurinsa ake aunawa ba.

Ga tambayar farko ta waccan shekarar: a nuna cewa 21n+4 bisa 14n+3 ba ya raguwa, wato in ba 1 ba babu lambar da za ta raba na saman da na ƙasan duka ba saura, ko wace cikakkiyar lamba aka sa a gurbin n. Yaron da ya saba da zaɓen A, B, C zai gwada 1, ya gwada 2, ya ga ya yi, ya ajiye biro. Bai sami komai ba, don lambobi ba su da iyaka. Abin da ake so shi ne ya lura cewa in ya ninka na ƙasan sau uku ya sami 42n+9, in ya ninka na saman sau biyu ya sami 42n+8, tsakaninsu 1 ne kacal. Duk lambar da ta raba su biyun dole ta raba 1, shi ke nan magana ta ƙare. Layi uku ne, amma kafin yaro ya hango su sai ya sha zama.

Da wannan nake gwada kowane littafi. Buɗe bayansa ka duba: in amsoshin jerin lambobi ne tsura, mayar da shi kan kanta. In an warware hujjar daki-daki har an faɗi dalilin bin wannan hanya, to a fara ciniki.

Littattafan waje da suka ci sunansu ba su da yawa. Problem-Solving Strategies na Arthur Engel rumbu ne, sai dai yana da nauyi ga mai farawa, yaro na iya buɗe shi ya karaya tun a makon farko. Na Paul Zeitz, The Art and Craft of Problem Solving, ya fi lallashi. Na Evan Chen kan lissafin siffofi kuwa sai wanda ya riga ya yi nisa. Da wuya ka tsince su a kan kanta a nan, galibi sai an yi oda, kuma da dala ake lissafin kuɗinsu. A yi hattara da bugun bayan fage: na taɓa sayen wani da zanen da'irorinsa suka dushe har ba a gane harafin da ke kan kusurwa, ga shafi kusan goma babu. In makaranta ce za ta saya, ta sayi na asali guda ɗaya yara su riƙa karɓa-karɓa.

Abin da ya fi araha shi na fi yarda da shi. Shafin gasar ta duniya a intanet ya ajiye tambayoyin kowace shekara kyauta, dandalin Art of Problem Solving kuma cike yake da hanyoyin warware su. A kai wa masu fotokofi na wajen BUK su buga su ɗinke. Kada a bar wa yaro su a waya, don amsar na nan kusa da yatsansa, ga kuma WhatsApp na leƙowa.

Sai batun malamin lesin, wanda nan ne kuɗi ya fi tafiya. Da yawansu gwanaye ne wajen shirya yaro wa WAEC, amma gyaran hujja wani fanni ne daban. Ka miƙa masa tambayar nan ta 1959 ku sha shayi. In ya ce bari ya yi tunani, ya jawo takarda, alama ce mai kyau. Zama ɗaya a mako da mai karanta rubutun yaro layi-layi, yana tambayarsa "daga ina ka samo wannan?", ya fi kullum da mai cika allo.

Mu dai mun baro Sabon Gari da manyan littattafan rubutu shida, da kamfas mai ƙarfi wanda ba ya zamewa, da rula. Yayata na ta mita wai mun sha rana a banza, ragowar kuɗin kuma na ce ta riƙe na malami ne.