Gwanjon ƙofar gida a Houston

A nan birnin Houston na Amurka, ranar Asabar da sassafe mutane kan buɗe gareji su baza kayan da suka daina amfani da su, kowanne da farashi a manne. Na wata tsohuwa a unguwarmu ya fi kwanta mini a rai. Tukunyar ƙarfe mai nauyi na saya dala 5, babu tsatsa ko ɗigo, da keken ɗinki Singer da ta zura wa zare ta gwada a gabana. Tufafin kam sun sha jiki, a bar su.

Ina tsaye wani dattijo ya iso, wandonsa a yage, hannunsa duk fenti. Wasu masu saye suka ƙanƙame jakunkunansu. Ita kuwa ta jawo masa kujera, ta ba shi ruwan sanyi. Wasiƙar Yakubu sura 2 a Littafi Mai Tsarki ta faɗo mini, inda aka tsawata wa masu bi kan ba mai zoben zinariya mazauni mai kyau a bar matalauci a tsaye. Guduma dattijon ya saya, ta yi masa ragi daidai da nawa.

Ku yi sammako da tsabar kuɗi, kafin ƙarfe 10 an kwashe masu kyau.