Kafin ki zaɓi hanyar tazarar haihuwa, karanta wannan

'Yan uwana mata na Jos, musamman mu na Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo da ba a yin maganar nan sai a gidan suna ana rage murya, ga abin da na sani kan hanyoyin tazara, kuma tun farko in gaya miki, ni dai ashanar hannu nake wa kamfe.

'Yar roba ce siririya, nas ke sa miki ita ƙarƙashin fata a damtsen hannun da ba ki cika aiki da shi ba, za ta fara yi miki allurar kashe zafi, minti kaɗan an gama kin gyara mayafinki kin kama hanya. Implanon sanda ɗaya ce tana yin shekara 3, Jadelle sanda biyu tana kai shekara 5. Ba ruwanki da tuna rana, ba ruwanki da kuɗin Keke duk bayan wata uku, mai goyo ma tana sawa nononta bai ƙafe ba, kin tsira daga kwanika, kuma ranar da kuka shirya ke da maigida aka cire, ciki ba ya daɗewa bai shiga ba. Matsalarta al'ada ce, wata ta riƙa ganin ɗigo ba tsari, wata kuma ta ɗauke mata gaba ɗaya, kuma wallahi ba jini ne ya taru a mara ba kamar yadda ake tsoratar da mu. In kina shan maganin tarin fuka ko na farfaɗiya ko wasu magungunan HIV, ki faɗa wa nas kafin ta saka don suna rage mata ƙarfi.

Allura kuwa, Depo duk wata 3, Noristerat duk wata 2, Sayana Press ma ana koya miki ki riƙa yi wa kanki a gida. Amma in kin daina, ciki na iya jinkiri har kusan shekara, ni nan ne na sha wuya, ina nema wa yarona ƙani shiru har surukata ta fara habaici. Ƙwaya in kina da mantuwa ki ƙyale ta. Robar mahaifa tana kai shekara 10 amma tana ƙara jinin al'ada. Kwaroron roba shi kaɗai ke kare cututtukan da ake ɗauka ta saduwa.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe ido. Tun 2011 gwamnatin tarayya ta ce kayan tazara kyauta ne a asibitocinta, ƙila a ce ki biya kati ko safar hannu ko gwajin ciki, amma in aka yanka miki kuɗin shi kayan tazarar kansa ki tambayi dalili. Kada ki yarda yaron kemis ya sa miki ashana a bayan kanta, in ya tura ta can cikin nama cirewar sai an sha fama. Ƙwayar hana ɗaukar ciki ta Postinor-2 da ake saya a lungu, NAFDAC da kanta ta yi gargaɗi akwai jabunta a kasuwa, ki duba ranar lalacewa, ki kankare lambar jikin kwalin ki tura saƙo ki tabbatar, kuma ta gaggawa ce cikin awa 72 bayan saduwa, ba ta kullum ba. Su kuma masu tallar haɗin tazara na gargajiya a sitatus ɗin WhatsApp, ruwa a gora ba lamba ba kwanan wata, in ciki ya shiga ko mara ta ƙulle ba za ki sake samun lambarsu ba.

Duk inda za ki je, kafin ki miƙa hannu ki tambaya ko suna da wadda ta iya cirewa a nan wurin, sannan ki karɓi katin da aka rubuta ranar sakawa da ranar cirewa.