Akwatin kifi ya rikice: me ya kamata ka fara saye a Damagaram?

Idan ruwan akwatin kifinka ya yi hazo, kifaye suka taso sama suna haki, suka daina cin abinci, galibi ba wata cuta ce ta shigo ba. Ƙwayoyin bakteriyar da ke tsabtace ruwan ne suka mutu. Kifi yana fitar da amoniya, ragowar abincin da ya ruɓe a ƙasa shi ma haka, kuma amoniya guba ce. Bakteriya irin su Nitrosomonas ke mayar da ita nitirit, wanda shi ma guba ne domin yana hana jini ɗaukar iska, sannan wasu irin su Nitrospira su mayar da shi nitirat, wanda kifi ke iya jure wa kaɗan daga cikinsa. Waɗannan ƙwayoyi ba yawo suke yi a ruwa ba. A jikin soson matatar ruwa da tsakuwa suke manne. Shi ya sa wanke soso da ruwan pampo mai kulorin, ko zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko ɗaukewar wuta ta sa'o'i da yawa ke iya rushe aikin wata guda. Sabon akwati kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin ya daidaita.

Mai shago zai fara miƙo maka kwalbar bakteriya. A ganina ita ce ta ƙarshe a layi.

Abin gwajin ruwa shi ne na farko, domin amoniya da nitirit ba su da launi, ruwa na iya zama garai-garai alhali yana kashe kifi. Iri biyu ne. Akwai ƴan takardun da ake tsomawa: sun fi sauƙin kuɗi, ga sauri, amma da yawansu ba su auna amoniya, kuma danshi na ɓata su idan an bar gwangwanin a buɗe lokacin damina. Akwai na ɗigo, kamar API Freshwater Master Test Kit, mai auna amoniya da nitirit da nitirat da pH, wato ma'aunin da ke sauka idan ruwa ya yi tsami, ya hau idan ya yi kanwa-kanwa. Ya fi tsada, sai dai yana daɗewa kuma an fi dogara da shi. Abin da kake nema shi ne amoniya 0, nitirit 0, nitirat kuma ƙasa da miligiram 40 a lita. In kuɗinka bai kai ba, sayi na amoniya kaɗai tukuna. Dalili kuwa, gubar amoniya tana ƙaruwa idan ruwa ya yi zafi kuma pH ya hau, ga shi a Afrilu da Mayu zafin garinmu kan wuce digiri 40.

Na biyu iska ce, kuma nan ne nake so a tsaya a yi tunani sosai. Bakteriyar nan da iskar oksijin suke aiki, ruwa mai zafi kuma ba ya riƙe iska da yawa. Babbar matata rufaffiya wadda ake ajiyewa a ƙarƙashin akwati tana da kyau inda wuta ba ta yankewa. A nan kuwa, da an ɗauke wuta ruwan cikinta ya tsaya cik, iskar ta ƙare, in wuta ta dawo sai ta turo gurɓataccen ruwa kan kifayen. Matatar soso mai aiki da ƙaramin injin hura iska ta fi dacewa da mu nesa ba kusa ba. Tana zaune cikin akwatin, ba ta cin wuta sosai, ga sauƙin wanki. Nemi injin mai batir a ciki wanda ke ci gaba da kansa idan wuta ta tafi, ko wanda ake jona wa batirin cajin waya. Mai sola a gida ma ya huta. Wannan ɗan injin shi ne abin da ba zan yarda a yi wa rowa ba.

Sai maganar dawo da ƙwayoyin. Hanyar da ta fi aiki ba a sayar da ita: ka roƙi wani mai akwati lafiyayye ya yanko maka ɗan guntun soson matatarsa ko cikin hannu na tsakuwa. Kamar yadda ake zuba tsohon nono a sabuwar madara ta kama, haka yake. Ɗauko shi a jiƙe cikin ruwan akwatinsa, kada ya sha rana a bayan babur, ka sa shi a matatarka nan take. Amma ka dubi kifayensa da idonka, in akwai mai fararen ɗigo-ɗigo a jiki ka haƙura. Na kwalba, irin Tetra SafeStart ko Seachem Stability, suna iya rage kwanakin jira in sun iso da ransu. Matsalar ke nan. Abu mai rai ne, zafi na lalata shi, kayan kuma kan biyo mota daga Kano ko Yamai, su zauna a shago. Duba ranar lalacewa, ka tambayi inda aka ajiye ta.

Maganin cire kulorin dole ne ga mai amfani da ruwan pampo. Ajiye ruwa a buɗe kwana guda na korar kulorin, amma a garin da ake jiran ƴan garuwa ba kullum ake samun wannan sarari ba, kuma ba ka san bidon da aka wanke da jabel mai kulorin ba. Seachem Prime da ire-irensa suna aiki nan take, ɗan kaɗan ake ɗigawa. Sai dai ba su maye gurbin canjin ruwa. Muddin gwaji na nuna amoniya ko nitirit, kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan ka zuba sabo, ka rage abinci sosai, kada ka ƙara ko kifi ɗaya. Cike gurbin abin da zafi ya shanye ba canji ba ne, dattin yana nan. Ruwan da ka kwashe kada ka zubar, shukokin gida na son sa.

Dutsen ziyolit yana tsotse amoniya, yana da amfani ranar gaggawa kawai. Gishiri kaɗan yana rage illar nitirit ga kifi. Kada ka haɗa su biyun, domin gishiri na sa ziyolit ya saki amoniyar da ya riƙe.

Kainuwa ma tana shan amoniya da nitirat, kuma ba sai an saya ba. Amma wadda aka ɗebo daga tafki na iya zuwa da ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsargiya. Wanke ta da kyau, ka ajiye ta a bokiti dabam na makonni kana dubawa kafin ta shiga akwati, kuma ka hana yara wasa da ruwan bokitin.