Gargaɗi ga 'yan uwa na Manitoba: ku kiyayi mai tallan hitar hannun babur ɗin ƙanƙara

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah duk wanda yake da sikidu, wato babur ɗin ƙanƙara, ko yake shirin saye a wannan hunturun, ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa wani ko sisin kwabo. Akwai wani mutum da ya shigo cikin mu yana tallan wai sabuwar hita ta hannun babur ɗin ƙanƙara mai zafi ninki biyu, ni ya ci min dala 240, kuma ba kuɗin ne suka fi ƙona min rai ba, abin da ya aiko ya kusa jawo min asarar yatsu a tsakiyar tafki.

Ni a Thompson nake, a lardin Manitoba na Kanada, wajen kilomita 760 arewa da Winnipeg, wanda ya taɓa bin hanya mai lamba 6 ya san nisan. A nan sanyin Janairu ya kai 30 ƙasa da sifili ba abin labari ba ne, to kuma ka hau mashin kana gudun kilomita 60 a awa, iskar da ke dukan hannunka daidai take da 50 ƙasa da sifili, kuma a irin wannan mintuna kaɗan ne fatar da ba a rufe ba za ta daskare. Shi ya sa hitar da ke cikin robar hannu da 'yar ƙaramar da ke kan totur ta babban yatsa ba kayan ado ba ne a wajenmu. Nawa mashin ɗin tsohon Ski-Doo ne da na saya na hannu, lafiyarsa ƙalau, sai dai ɓangaren hagu ya daina ɗumi yadda ya kamata, sai na yi maganar a cikin guruf ɗinmu na WhatsApp ko akwai wanda ya san gyara.

Ko awa biyu ba a yi ba sai ga saƙo ta bayan fage. Ya fara da sallama, yana ce min Alhaji, yana haɗa Hausa da Turanci, ya ce shi ma ɗan gida ne yana Winnipeg shekara da shekaru kuma sana'arsa kenan. Ya turo hotuna masu kyau, ya ce kowane hannu wat 80 yake bayarwa, yana shiga kowane irin mashin ko Polaris ne ko Arctic Cat ko Yamaha ba sai ka yanke waya ba, kawai ka soka soket. Ya ce guda uku suka rage kuma wani daga Flin Flon yana jira, in ina so in tura kuɗi yau ta Interac, hanyar tura kuɗi ta bankunan Kanada. Da zan tura na ga sunan da ya fito daban da wanda yake amfani da shi, na tambaya ya ce "haba Alhaji, asusun iyalina ne, tsakaninmu ai babu haka". Kuma asusun irin mai karɓa kai tsaye ne, babu tambayar sirri, kana dannawa kuɗi sun shige, ba ka da damar sokewa. Wallahi jin harshenmu a bakinsa a wannan nisan duniyar shi ya sa na saki jiki.

Bayan kwana goma sha kaya suka iso a cikin leda, babu kwali babu takarda babu sunan kamfani. Abu na farko da ya kamata kowa ya sani shi ne wannan, ku riƙe shi da kyau: robar guda ɗaya raminta ya fi na ɗayar faɗi. Wannan na babur ɗin titi ne. Shi babur na titi da hannun dama ake murɗa totur, to akwai bututun roba a ƙarƙashi, shi ya sa na dama yake da faɗin kusan milimita 25 na hagu kuma 22. Sikidu kuwa ba a murɗa komai, da babban yatsa ake danna totur, saboda haka duka hannu biyun 22 ne. Na dama kenan yana ta lilo a kan ƙarfen, da na faɗa masa sai ya ce in naɗa salatif a ƙasa ya cike, kuma babu hitar babban yatsa a ciki gaba ɗaya duk da tana cikin hoton da ya turo.

Maganar soket ma ƙarya ce, wayoyi ne tsirara guda biyu sirara kaman na cajar waya, ba fis ba komai. Ya ce in haɗa su kai tsaye kan batir "zai fi ƙarfi". Washegari da safe batir ya mutu murus domin abin bai san an kashe makulli ba, ya kwana yana shan wuta. Na yi caji na sake gwadawa. Ranar Asabar muka fita tafkin Paint Lake ni da maƙwabcina, muna cikin tafiya na ji ƙaurin roba, ashe wayar ta gogi ƙarfen sitiyari har ta ɓare ta haɗe, hayaƙi na fitowa ta ƙasan gilashi. Na kashe mashin na cire safar hannu don in fizge wayar daga batir, minti nawa ne, amma kafin in mayar da safar yatsuna biyu sun yi fari fat ba na jin su. Maƙwabcin nan, dattijo ne ɗan ƙabilar Cree da aka haifa a yankin, shi ya sa na cusa hannun a hammata cikin riga ya hana ni murzawa, ya ce kar in kuskura in goga musu ƙanƙara ko in kai su jikin salansa. Allah ya saka masa da alheri. Har yanzu in sanyi ya yi yatsun nan suna min zugi.

Da na koma wa mutumin da hoton wayar da ta ƙone, sai cewa ya yi laifina ne, ban sayi "kwantirola" ba, in ƙaro dala 90 ya aiko. Na ce ya dawo min da kuɗina, daga nan ya yi bulokin ɗina ya fice daga guruf. Yanzu an nuna min wata talla a Facebook Marketplace da hotunan nan sak amma da wani sunan, ya koma cewa yana Brandon.

Abin da ya ƙara ba ni haushi shi ne da muka shiga garejin dattijon ya ɗora mita a kan hitar da mutumin ya aiko, om 8 da ɗan wani abu ta nuna. Lissafin ba wuya, bolt 12 sau 12 a raba da 8, wat 18 kenan, ina 80 ɗin? In ma da gaske 80 ne kowane hannu, biyun za su ja sama da amp 13, wannan siririyar wayar narkewa za ta yi tun a ranar farko. Sannan ya auna tawa ta asali da na cire, ashe lafiyarta lau, soket ɗin da ke ƙasan murfin sitiyari ne ya yi tsatsa kore shar, ya goge shi ya shafa man da ake sa wa soket ya mayar, zafi ya dawo. Ya kuma nuna min dalilin da ya sa ko da can ba na jin ɗumi sosai: wanda ya sayar min da mashin ya canza ƙarfen hannun zuwa na alminiyam, shi kuma alminiyam zuƙe zafi yake ya watsar. Muka naɗa robar nan mai tsukewa da wuta a kan ƙarfen kafin a manna hita, muka toshe bakin bututun da toton kwalba, na sayi jakar nan da ake sa wa hannun mashin kana cusa hannunka ciki iska ba ta samunka. Duka-duka bai kai rabin abin da na tura wa wancan ba. Dattijon ya ce kuma masu tsoffin mashin marasa batir su sani hitarsu daga injin take shan wuta, in kana tsaye a silo dole ta yi sanyi, ba lalacewa ta yi ba, kar wani ya ruɗe ku da haka ya sayar muku da abin da ba ku buƙata.

Na kai rahoto ofishin 'yan sandan RCMP na nan garin, na kuma shigar da ƙorafi a cibiyar yaƙi da damfara ta Kanada da ke North Bay, bankina ma na sanar da su duk da sun faɗa min gaskiya cewa tunda ni na tura da hannuna dawo da kuɗin zai yi wuya. Sikirinshot na hirarmu da rasit duk suna wajena. Mutum biyu sun riga sun min magana cewa shi ne ya karɓi nasu, ɗaya ma ko ledar bai gani ba. In akwai wanda ya tura masa kuɗi ko yake cikin ciniki da shi yanzu haka, dan girman Allah ya dakata, ya min magana ta inbos in ba shi lambar rahoton ya haɗa nasa a kai, sannan admin ku taimaka ku duba sabbin lambobin da aka saka a guruf tun watan Nuwamba, ina kyautata zaton yana ciki da wata lambar.